Gansakuka cikin kwamin kifi: kaɗan abinci ce, mai yawa ajali ce

Ƴan'uwa manoma da masu garka, kiwon kifi a gida ya fara samun gindin zama a ƙasarmu. A da, mai son kifi sai ya jira masunta su fito daga kogin Kwara, ko tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, ko na Gidimuni. Yanzu kuwa akwai magidanta da ƙungiyoyin mata masu gina kwami na siminti a bayan ɗaki ko a gefen rijiyar garka, su zuba ƴaƴan tarwaɗa ko na karfasa, su yi kiwonsu kamar yadda ake kiwon kaji. Wannan abin murna ne. Amma akwai wani kuka da muke yawan ji daga bakin masu wannan sana'a, kuma kusan labari ɗaya ne duk inda aka ba da shi.

Ga yadda yakan kasance. Mutum ya cika kwaminsa da ruwan rijiya garau, har yana iya ƙirga kifayensa a ƙasa. Bayan mako biyu ruwa ya fara sauya kama. Bayan wata guda ya koma tsanwa shar, kamar miyar kuka. Kifi na ci, yana girma, mai shi bai damu ba. Sai wata rana cikin bazara ya fito sallar asuba, ya iske kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, waɗansu har sun juya ciki sama. Jiya da la'asar kuwa lafiyarsu lau. Nan da nan sai zargi ya tashi: an zuba guba, ko an yi kambun baka, ko mai sayar da ƴaƴan kifi ya ba da marasa lafiya. Zumunci yakan ɓaci a kan wannan. Alhali mai laifin tana nan cikin kwamin, kowa na ganinta, ba wanda ya tuhume ta. Gansakuka ce.

Me ke ciyar da ita?

Mutane da yawa suna ɗauka dauɗa ce kawai da tsufan ruwa ke haifarwa. Ba haka ba ne. Gansakuka aba ce mai rai, tana rayuwa irin ta tsiro, ko da yake ba ta da saiwa, ba ta da kara, ba ta da ganye. Irinta na da yawa ƙwarai, amma guda uku mai kwami zai fi gamuwa da su. Akwai wadda ke yawo cikin ruwa, ƙanana ƙwarai har ido ba ya raba ɗaya da ɗaya, sai dai a ga ruwa ya rine. Akwai mai zare-zare kamar gashi, wadda ke kama bango ta yi santsi, in ta yi yawa ta taso sama kamar an shimfiɗa tabarma. Akwai kuma ta uku, mai kwanciya a kan ruwa kamar an zubar da fenti. Ita za mu komo kanta nan gaba, domin ɓarnarta ba ta tsaya ga kifi ba.

Ba a sayen irinta, ba a shuka ta. Tana zuwa cikin ruwan da aka zuba, da ƙurar da iska ke kawowa, da ƙafafun tsuntsaye, da jikin kifin kansa. Saboda haka mai neman hana ta shigowa wahalar banza yake yi. Abin da za a iya shi ne a hana ta ƙoshi. Buƙatunta biyu ne, kamar na kowace shuka: rana da taki.

Maganar rana, kowace uwargida ta san ta. Farin bidon roba da aka bari a tsakar gida da ruwa a ciki, ba a daɗewa cikinsa zai yi tsanwa. Randar ƙasa kuwa da ke cikin ɗaki a rufe da faifai, ruwa ɗaya aka zuba musu, amma ita ba ta yi. Bambancin haske ne kurum.

Taki kuma, mu da kanmu muke kai mata shi. Ku dubi buhun takin zamani da aka rubuta wa 15-15-15. Lamba ta fari ta sinadarin azot ce, ta biyu ta fosfor. Waɗannan biyun su ne abincin gansakuka, kuma su ne ke fita daga kashin kifi, da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe, da ganyen da ya faɗa cikin kwami, da ruwan saman da ya wanko garken awaki. Duk dusar da aka zuba kifi bai ci ba, ba ɓacewa ta yi ba, taki ta zama. Gaskiyar magabata, ruwa ba ya tsami banza.

Da rana tana bayarwa, da dare tana karɓewa

Nan ne tushen maganar, mu karanta shi a hankali.

Kifi yana numfashi kamar mu, sai dai shi iskar da ta narke cikin ruwa yake shaƙa, wadda likitoci ke kira oksijan. Wannan iska ba ta da yawa cikin ruwa. Lita ɗaya ta iskar sarari ta fi lita ɗaya ta ruwa oksijan wajen sau 30. Kuma in ruwa ya ɗumama, ɗan abin da yake riƙe da shi raguwa yake yi: a zafin digiri 20 lita ɗaya tana riƙe wajen miligaram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi ne. To, ku tuna watan Afrilu da Mayu a Tahoua ko Damagaram, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa.

Muddin akwai hasken rana, gansakuka tana fitar da oksijan cikin ruwa, har fiye da buƙatar kifi. Shi ya sa da la'asar ake ganin kifi cikin walwala. Da rana ta faɗi sai aikin ya tsaya cak, amma numfashinta bai tsaya ba. Duk daren Allah ita da kifi da ƙananan ƙwayoyin da ke ruɓar da dauɗa a ƙasan kwami, daga akushi ɗaya suke ci, ba mai ƙarawa. In gansakukar kaɗan ce, abin da aka tara da rana zai kai su safe. In ta yi kauri, kafin kiran sallar fari ta shanye shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa kifin kwami ba ya mutuwa da tsakar rana, sai da jijjifi.

Akwai kuma wata rana mai haɗari, ranar da hazo ya rufe sama, ko hadarin damana ya wuni biyu ko uku ba a ga idon rana ba. A irin wannan lokaci gansakuka ba ta samar da kome ba da rana, ga shi kuma ta ci da dare. Wani sa'i ma takan mutu gaba ɗaya. Ruwan da yake tsanwa jiya sai a wayi gari ya koma ƙasa-ƙasa ko baƙi, yana ɗoyi. Mai kwami kada ya yi murna cewa ta tafi. Ruɓewarta ta fi rayuwarta cin iska.

Karfasa ce ke fara jin jiki. Tarwaɗa Allah ya hore mata wata gaɓa cikin kanta wadda take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take daɗewa cikin taɓo ba ta mutu ba. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Tarwaɗar da ke cikin ruɓaɓɓen ruwa takan daina ci, girmanta ya tsaya, gyambo ya fito mata, kuma ƙananan ƴaƴanta ba su da juriyar manya.

Ma'auni yana jikinmu

Kada mai karatu ya ce, to, sai a kawar da ita ƙaf. A'a. Ga mai kiwon karfasa, ruwa mai ɗan tsanwa arziki ne. Karfasa tana tace wannan gansakuka mai yawo tana ci, abinci ne da ba a biya masa ko dala ba. Masu kiwo cikin tabkin ƙasa ma da gangan suke sa taki cikin buhu su jiƙa a kusurwa don ruwa ya yi launi, in ya yi su cire buhun. Abin nema shi ne tsaka-tsaki, kuma ba sai da na'ura ake gane shi ba.

Da hantsi, a naɗe hannun riga a tsoma hannu a miƙe, tafi yana kallon sama. In ruwa ya kai gwiwar hannu ana hangen tafin dishi-dishi, wato wajen santimita 30 zuwa 40, ruwan ya yi daidai. In tafin ya ɓace tun ba a wuce taƙi ɗaya ba, wajen santimita 20, ya yi kauri, sai a tashi tsaye. In kuwa an tsoma har damtse ana ganin yatsu sarai, mai karfasa ya san ruwansa ba shi da abinci. A riƙa yin wannan awo sau biyu a mako, cikin bazara kuwa kullum. A lura dai, ruwan da laka ta gurɓata shi ma yana ɓoye hannu, amma shi ja ne ko ƙasa-ƙasa, wannan wata magana ce daban.

Daga bakin ƙwarya ake farawa

A ganinmu, mafi yawan kwamayen da suka lalace, ƙauna ce ta lalata su. Mai kifi na son ya gan su suna tsalle, duk wanda ya zo kallo sai an watsa musu abinci don ya gani, yara ma kowa da nasa guntun tuwo. Ƙa'ida ita ce, kifin da ya fara tasawa ana ba shi wajen kashi 3 cikin 100 na nauyinsa a yini. Misali, kifi 100 kowane mai garam 100, jimla kilo 10 ke nan, abincinsu garam 300 ne, a raba shi biyu, safe da maraice. A kai abincin wurin mai sikeli sau ɗaya a auna, a sa alama a jikin gwangwani, shi ke nan an huta. Bayan kowane mako biyu a kamo kaɗan a auna, a gyara lissafi.

Wanda lissafin ya yi wa nauyi ya riƙe wannan: a zuba kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, a tsaya a gani. Abin da ba su cinye ba cikin minti 15 ya yi yawa, a kwashe shi, gobe a rage. Mutum ɗaya ya riƙe aikin ciyarwa a gidan. Lokacin ɗari kuma, cikin Disamba da Janairu, cikin kifi yakan mutu, musamman karfasa. Wanda ya ci gaba da zuba ma'aunin kaka a wannan lokaci, gansakukar bazara yake yi wa tanadi. Masu ba tarwaɗa hanjin kaza da jini daga mahauta su ƙara kula, domin ba abin da ya kai su saurin ɓata ruwa. A dafa su tukuna, kuma kada a bari su kwana a ciki.

Cunkoso ma haka. Kifi ya yi yawa, kashi ya yi yawa.

Sai inuwa. A kafa rumfa ta zana ko ta karan dawa ta rufe wajen rabin kwamin, musamman ɓangaren da ranar azahar ke duka. Kada a rufe duka. Kada kuma a ce inuwar itace ta wadatar, domin ganyen da ke zuba taki ne. Gindin aduwa kuwa a guje shi gaba ɗaya: ƴaƴanta da ɓawonta suna da sinadarin da ke kashe kifi. A ɗaga bakin kwami yadda ruwan sama ba zai kwararo ciki ba, wannan kuma zai tsare ƙananan yara daga faɗawa.

Game da sauya ruwa, mun san ba ko'ina yake da sauƙin samu ba. Amma ba a ce a zubar da shi duka ba, yin haka ma yana gigita kifi. Kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, yana cin lita 4.000. Rubu'insa lita 1.000 ne, wato tano 5 mai lita 200, ko bido 40 mai lita 25. A fitar da wannan rubu'i sau ɗaya a mako, in tarwaɗa ce mai yawa sau biyu ko fiye. Daga ƙasa za a zuƙo shi da tiyo, inda dauɗa ta kwanta, ba daga sama ba. Ruwan da aka fitar kuma ba asara ba ne, taki ne a narke. A kai shi gindin zogale, da albasa, da tumatir. A zuba a gindi dai, ban da kan ganyen salati da ake ci ɗanye. Mai amfani da ruwan famfo ya tara shi a buɗe ya kwana ya yini kafin ya zuba, don maganin da aka sa masa ya fice.

Mai zare-zare ita aikin hannu take so. A sa sanda mai reshe a murɗa, za ta naɗe kamar zare a mazari, a ciro ta a kai ramin taki. Ba a barinta ta taru, domin ƙananan kifaye suna sarƙewa a ciki, kuma tsutsar sauro tana ɓuya cikinta inda bakin kifi ba ya kai. Bango kuwa a goge shi da soso ko buroshi, gefe ɗaya yau, ɗaya wani mako. In an kwashe kifi an sayar, a tsiyaye kwamin, a kankare, a bar rana ta gasa shi kwanaki kafin a zuba sabbi.

Ban da magani

Muna roƙon jama'a da babbar murya: kada a zuba maganin ciyawa, ko na ƙwarin gona, ko ruwan jabel, ko omo cikin ruwan da kifi yake. Akwai wani shuɗin gari mai sinadarin jan ƙarfe da ake kashe gansakuka da shi a wasu wurare, amma tsakanin abin da zai kashe ta da abin da zai kashe kifi tazarar ba ta da yawa, kuma ta danganta da irin ruwan. Ba aikin ƙiyasi ba ne. Ko da maganin bai taɓa kifin ba, kashe ta a yini ɗaya daidai yake da abin da muka faɗa a kan ranar hazo. Bayan haka kuma, tun da takin na nan, ranar na nan, cikin ɗan lokaci za ta komo. Kada mu manta, kifin nan cikin ƴaƴanmu za shi.

In an wayi gari an iske kifi a sama yana haki, ba lokacin neman mai laifi ba ne. A fitar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a zuba sabo daga bisa yana faɗowa da ƙarfi. A sa ƙwarya ko bokiti a riƙa ɗiba ana watsawa sama, ana maimaitawa, har rana ta ɗaga. A tsame waɗanda suka mutu. Ranar nan da kashegari kada a ba su abinci ko ƙwaya ɗaya, domin kifin da ya ƙoshi ya fi mai yunwa buƙatar iska. Sannan a nemi ma'aikacin ruwa da dazuzzuka na yankin ya zo ya duba.

Wadda ke kama da fenti

Mu komo ga ta ukun. Launinta tsanwa ne mai sirkin shuɗi, tana taruwa a gefen da iska ke kaɗa ta, tana da wari kamar na ruɓaɓɓiyar ciyawa. In an tsoma sanda ba ta fitowa da zare, sai dai ta fito kamar an shafa mata fenti. In an ɗibi ruwan cikin farar kwalba an ajiye a wuri mai sanyi ya kwana, ta kirki takan kwanta ƙasa, wannan kuwa takan taru a wuyan kwalba. Takan sa naman kifi warin taɓo.

Waɗansu daga cikin irinta suna fitar da dafi mai taɓa hanta ko jijiyoyi. Ga mutum yana kawo amai, da zawo, da ƙaiƙayin fata da na ido. Tumaki da shanu da karnuka kuwa yakan kashe su. A shekarar 2020, giwaye fiye da 300 suka mutu a arewacin ƙasar Botswana, kuma hukumomin ƙasar suka ɗora laifin a kan dafin irin wannan gansakuka cikin kududdufan da suke sha. Abin da ya ka da giwa, ina ga akuya? Tafasa ruwan ba ya kashe wannan dafi, tacewa da ƙyalle ma haka. Saboda haka ko a kwami ne, ko a tabkin bayan gari lokacin da ruwa ya janye, in an ga wannan alama a hana yara wanka, a kai dabbobi rijiya. Wanda ya sha ya ji ciwo a gaggauta kai shi likita, a kuma faɗi irin ruwan da ya sha.

Ba dukan danginta ne mugaye ba. A ƙasar Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata iri daga tabkunan kanwa, su shanya ta a rairayi su yi miya da ita, suna kiranta dihe. Amma ita a ruwan kanwa take fita, kuma su sun gaji saninta. Ba dalili ba ne na ɗanɗana abin da ya taso a kwaminmu.

Masu akwatin gilashi

A Niamey da sauran manyan garuruwa akwai masu ajiye ƙananan kifaye na ado cikin akwatin gilashi a falo. Su ruwa garau suke so, amma dokar ɗaya ce. A nisanta akwatin daga taga. Fitilarsa kada ta wuce awa 8 a yini. Abinci, abin da za su cinye cikin minti 2 ko 3. Kowane mako a sauya rubu'in ruwan, a goge gilashi da sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba. Sabon akwati yakan yi wata dauɗa mai launin ƙasa cikin makonnin farko, ita takan wuce da kanta. In ruwan ya rine tsanwa, a lulluɓe akwatin da bargo kwana 3, fitila a kashe, injin iska kuwa a bar shi yana aiki.

A ƙasashen Turai masu irin wannan akwati sukan saka katantanwa ta riƙa lashe musu gilashi. Wanda ya ji wannan kada ya tafi tabki ya ɗebo tamu, ko don akwati ko don kwami. Ƙananan katantanwar ruwa na tabkunanmu su ne masaukin tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini, kuma ta fata take shiga jikin wanda ya tsoma hannu. Kainuwar da wasu ke ɗebowa don ta yi wa kifi inuwa ita ma takan zo da su maƙale a saiwarta. In ruwan tabki ne kaɗai ake da shi na cika kwami, a tace shi da gidan sauro ninki biyu a bakin tiyo, a kuma bar shi ya kwana biyu kafin a sa hannu a ciki.